Kirista na suna da almajirin Yesu, ina bambancin yake?

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban so in amsa maka a tsaitsaye ba shi ya sa na bari sai da na samu natsuwa. Bari in maimaita abin da ka tambaya saboda masu karantawa su san inda aka dosa. Ka ce a cikin ikkilisiya aka haife ka, babanka dattijo ne, mamanka tana cikin zumuntar mata, an yi maka baftisma kana ɗan shekara 15, yanzu kana da 27 kana cikin 'yan kwaya kuma ba ka fashin sujada, amma wani abokinka da ya koma wata sabuwar coci ya ce maka kai Kirista ne na suna kawai tunda ba ka magana da harsuna kuma ba za ka iya faɗin ranar da ka sami maya haihuwa ba, maganar nan ta tsaya maka a rai har barci ya gagare ka, kana so ka san mene ne bambancin Kirista na suna da almajiri na gaskiya, kuma ko sai an sake yi maka baftisma.

Toh, na kusa shekara 30 ina koyar da ajin baftisma, na kuma koyar da ɗalibai masu shirin aikin fasto, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne mudun da abokinka ya auna ka da shi ba daidai ba ne, amma damuwar da ta hana ka barci tana da kyau, kar ka yi saurin kashe ta. Mutane da yawa sun shekara 40 a kan benci ɗaya tambayar nan ba ta taɓa zuwa musu ba ko sau ɗaya.

Mu fara daga kalmar kanta. In ka duba Sabon Alkawari gaba ɗaya, kalmar Kirista sau 3 kacal ta fito, a Ayyukan Manzanni 11:26 inda aka ce a Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista, da 26:28 a bakin sarki Agaribas, sai 1 Bitrus 4:16. Amma kalmar almajiri ta fito sama da sau 250. Ka lura da yadda ayar Antakiya ta zo, almajirai ne aka laƙaba wa suna Kirista, wato almajirancin ne ya riga, sunan ya biyo baya. Mu yanzu mun juya abin, muna raba suna tun ranar suna, almajiranci kuwa sai mu bar shi ga wanda ya ga dama, kamar wani ƙarin aji ne na masu zafin addini.

Mu masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa mun yi sa'a a nan fiye da masu karanta shi da Turanci, domin waɗanda suka yi fassarar da ta fito a 1932 sun ɗauki kalmar da kowa ya sani a ƙasar nan. Ba sai an yi wa Bahaushe ko duk wanda ya tashi a arewa dogon bayanin almajiri ba. Asalin kalmar daga Larabci take, almuhajir, wanda ya yi ƙaura, ya bar gida. Ajiye maganar bara da wahalar yara a titi, wannan matsala ce ta daban, ka dubi asalin tsarin. Yaro ya bar gidan ubansa ya tare gun malam, inda malam ya kwana nan zai kwana, in malam ya tashi ci-rani zai ɗauki allonsa da buzunsa ya bi shi, zai yi noma a gonar malam, kuma in ya daɗe har yadda malam yake zama da yadda yake jan karatu da yadda yake yi wa mutane magana duk sai ka gan su a jikin yaron, har mutane su ce wannan almajirin wane ne tun bai faɗa ba. Ko ka dubi yaron gareji, ba wanda ya taɓa zama makaniki don ya haddace sunayen sifana, sai ya shekara yana miƙa wa oga kaya yana kwanciya ƙarƙashin mota yana shan faɗa. Markus 3:14 ya ce Yesu ya zaɓi sha biyun nan domin su kasance tare da shi, sa'an nan ya aike su. Zama tare ne ya fara zuwa. Luka 6:40 kuma ya ce wanda aka koyar da shi sosai zai zama kamar malaminsa. Saboda haka in ka tambaye ni wane ne almajirin Yesu, zan ce maka wanda ya yi ƙaura ne, ya tashi daga inda shi ne mai yanke wa kansa hukunci ya koma inda maganar Yesu ce ta ƙarshe. Kirista na suna kuwa yana nan a gidansa bai motsa ba, allon kawai ya saya ya rataye a bango.

Yanzu ta yaya muka zo nan, don abin bai faɗo daga sama ba. A ƙarshen 1893 samari uku 'yan mishan suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Sudan kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, kafin shekara ta zagayo biyu sun mutu saura Bingham, kuma sai 1902 mishan ɗinsu na SIM ya samu kafa tasha a Patigi. Karl Kumm da mutanen wani mishan mai suna SUM suka iso Wase a 1904. A 1923 aka yi sujada ta farko ƙarƙashin tsamiya a Garkida, inda EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ta samo asali. Mutanen farko da suka ba da gaskiya a waɗannan wurare ba su da abin da za su ci da sunan Kirista, hasara ce zalla, wani a kore shi daga gida, wani a ƙwace matar da aka yi masa alkawari, wani a hana shi gonar gado don ya ƙi shiga tsafin dangi. Kuma ba a gaggawar yi musu baftisma, mutum zai shekara ɗaya ko biyu, wani ma fiye, yana aji ana kallon zamansa da matarsa da maƙwabtansa kafin a kai shi rafi. A irin wannan yanayi ba ka bukatar wa'azi a kan Kirista na suna, tsadar abin da kanta tana tacewa.

Sai Allah ya sa albarka, makarantu da asibitoci suka yawaita, ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN a 1955, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS ta fara a Gindiri a 1957, a shekarun 1960 hidimar bishara ta Sabon Rai Don Kowa ta shiga ƙauyuka lungu-lungu, garuruwa sukutum suka zama na Kirista. Abin godiya ne, ba na raina shi ko kaɗan. Amma kai da kake tsara ta uku ko ta huɗu, abin da kakanka ya saya da gonarsa kai a tsakar gida ka tsince shi. A garinku yau wanda bai zuwa coci shi ne bare, shi ne zai rasa matar aure, shi ne za a yi ta gardama a kan wa zai binne shi. Haka ya taɓa faruwa a daular Roma, kafin shekara ta 313 zama Kirista yana iya kai mutum ga mutuwa kuma masu neman baftisma suna iya kai shekara 3 ana koya musu, bayan sarki Kustantin ya halatta addinin, har aka mai da shi addinin gwamnati a 380, sai majami'u suka cika da mutanen da suka shigo don nan ne iska take kaɗawa. Duk inda bangaskiya ta zama gado wannan ciwon yana biyo ta, ba laifin kowa ba ne a haife shi a gidan masu bi, amma kayan aro ba ya rufe katara, bangaskiyar babanka ba za ta tsaya maka ba.

Akwai wani abu kuma da mu masu koyarwa ya kamata mu amsa laifinsa. Mun gaji wani ɗan gajeren lissafi na abin da ke nuna mutum mai bi ne, ba ya shan burkutu, ba ya shan taba, matarsa ɗaya, yana ba da zakka da baiko, matarsa tana ɗaura ɗankwali. Ban ce waɗannan ba su da muhimmanci ba, na ga gidajen da giya ta rusa da idona. Amma da muka tsaya a nan sai muka samar da mutanen da suka ci jarrabawar nan ɗari bisa ɗari alhali zuciyarsu ba ta taɓa ƙaura ba. Yarinya ta yi ciki za mu sa ta ƙarƙashin horo ta koma bencin baya wata shida kowa yana kallonta, amma mutumin da ya cinye kuɗin fanshon tsofaffi a ofis zai zo loncin ginin coci mu ba shi kujerar gaba mu tafa masa, kuma matasa suna gani, sun fi mu lura, daga nan suke koyon cewa abin da ake nema shi ne kar a kama ka da irin zunubin da ke fitowa fili.

Bari in ba ka labarin wani dattijo a ikkilisiyar ƙauye inda na fara aiki. Ɗan kasuwar hatsi ne, ba ya fashin addu'ar safe, kafin a buga ƙararrawa yana bakin ƙofa da tocilarsa, in ana neman wanda zai yi addu'a a taro shi ake nunawa. Wata safiya muna bin karatu a jere muka iso Maimaitawar Shari'a 25, inda aka ce kada ka kasance da ma'auni iri biyu a jakarka, babba da ƙarami, kada ka ajiye mudu iri biyu a gidanka. Ban yi wa'azi a kai ba ma, karantawa kawai aka yi aka yi addu'a aka watse. Da yamma sai ga shi ya zo gidana da wani tsohon buhu, ya zauna a kan tabarma ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya zazzage buhun, mudu biyu suka faɗo. Ɗaya an bubbuga shi ya buɗe, da shi yake saye a hannun manoma da kaka, ɗayan an doki gindinsa ya shige ciki, da shi yake sayarwa da bazara lokacin da rumbuna suka ƙare. In ka gan su daban-daban ba za ka gane ba sai ka jera su. Ya ce mini, Malam, shekara 20 ke nan, kuma yawancin waɗanda na auna wa a cocin nan suke. Hannunsa na rawa. Ni kaina a lokacin yaro ne, ban san me zan ce masa ba sai na buɗe masa Luka 19, labarin Zakka mai karɓar haraji da ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu.

Abin da ya biyo baya shi ne nake so ka riƙe. Ranar Lahadi ya tashi gaban jama'a ya ɗaga mudun nan biyu ya faɗa da bakinsa, mutumin da ake wa kallon ginshiƙin coci. Ya bi gwauraye da ya san ya saba auna musu gida-gida da dawa a kan keke. Ya sayi mudu ɗaya sabo, da shi yake saye da shi yake sayarwa, ribarsa ta faɗi sosai, ɗakin da ya tayar bai samu ya rufa masa kwano ba a shekarar, abokan sana'arsa har da 'yan cocinmu suka riƙa cewa ya tona musu asiri ya ɓata kasuwa. Ka ga shekara 20 ɗin farko yana da duk abin da ake gani, addu'a, zakka, kujerar dattawa. Ranar da maganar Yesu ta ci karo da aljihunsa ya bar ta ta yi nasara, a ganina ranar ya shiga makaranta. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, muddin abin da Yesu yake so da abin da kake so suna tafiya hanya ɗaya ba za ka san wanda kake bi ba, sai ranar da hanyar ta rabu biyu.

Inda ya fi wuya a wajenmu mu na arewa kuwa ba kuɗi ba ne ma, ƙabila ce da fushi. Zan yi maganar nan a hankali domin na binne mutane bayan rikici, na san zafin, ba daga littafi nake faɗa ba. Amma gaskiya ita ce a wurare da yawa kalmar Kirista ta koma sunan ɓangare, kamar yadda za ka ce ni ɗan ƙabila kaza ne, har za ka ga saurayin da rabonsa da buɗe Littafi tun yana Sande sukul, ga laya a ƙugunsa ga ƙwaya a aljihu, amma ranar faɗa shi ne a gaba wai yana kare addini. A wani gari da na zauna, bayan an yi tashin hankali, na ga kwanon rufi da buhunan masara da keken ɗinki na maƙwabtanmu Musulmi da suka gudu a gidajen 'yan cocinmu, kuma ranar Lahadi yaran da suka kwaso su ne a kan ganga. Wata tsohuwa 'yar zumunta, ba ta iya karatu ba ko harafi ɗaya, ita ce ta samu keken ɗinkin a ɗakin jikanta, ta naɗa gammo ta ɗora kan keken a ka, ta ratsa unguwa da rana tsaka mutane suna zaginta suna ce mata munafuka, ta kai shi ofishin 'yan sanda inda masu gudun hijira suke ta ce a nemo mai shi. An kashe ɗan ƙanenta a rikicin nan fa. Da na tambaye ta daga baya sai ta ce, Fasto, ba Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu ba, wannan matar ma ai ba maƙiyiyata ba ce, ita ke ɗinka mini zane. Iyakar tauhidinta ke nan, kuma ya fi na mutane da yawa da na koyar a aji.

Ka tuna Ruwanda a 1994, ƙasar da kusan kashi 90 cikin 100 na mutanenta Kirista ne, cikin kwana 100 aka kashe mutum wajen 800,000, da yawa a cikin majami'u inda suka gudu neman mafaka kamar Ntarama da Nyamata, kuma masu riƙe da adda mutane ne masu baftisma da sunayen Littafi. Ruwan baftisma bai kai zurfin jinin ƙabila ba a zuciyarsu. Mu ma ba mu fi ƙarfin wannan ba. A watan Yuni 2018 lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, wani limami tsoho, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Duk lokacin da na tuna shi sai in tambayi kaina da ɗalibaina, in abin ya juya, su ne suke gudu mu ne muke da ƙofa, cocinmu zai buɗe? Wanda ya ba mu misalin Basamariye mai kirki ai Malaminmu ne.

Muna yawan kiran sunan Leah Sharibu, yarinyar da aka sace tare da 'yan makarantar Dapchi a Fabrairu 2018 aka saki sauran da suka rayu aka riƙe ta don ta ƙi barin bangaskiyarta, da Rabaran Lawan Andimi na EYN da aka kama a Michika aka kashe a Janairu 2020, wanda a bidiyon da aka ɗauke shi yana hannun waɗanda suka kama shi ya yi magana a natse yana cewa komai yana hannun Allah. Ya kamata mu tuna da su, mu riƙa yi wa iyalansu addu'a. Abin da nake tsoro shi ne mu ɓuya a bayansu, mu sa hotonsu a Facebook mu ji kamar mu ma mun biya wani abu. Irin tsayuwar nan ba a ranar ake koyonta ba. Luka 9:23 ya ce mutum ya ɗauki gicciyensa kowace rana, kuma yawancinmu ba za a taɓa ɗora mana bindiga a ka ba, namu gicciyen zai zo ne a sifar satar amsa a jarrabawa, da rasit ɗin ƙarya da oga ya ce ka sa hannu, da yarinyar da kake ce wa za ka aura alhali ka san ba haka ba ne, da ɗan'uwan babanka da kuka shekara 5 ba kwa gaisawa saboda iyakar gona amma kuna cin jibi a teburi ɗaya.

Maganar abokinka kuwa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Bulus da kansa a 1 Korintiyawa 12 ya yi tambaya, duka ne ke magana da harsuna, kuma yadda ya jera tambayoyin amsar a'a ce. Ban hana baiwa ba, Ruhu yana bayarwa yadda ya ga dama. Amma ka karanta Matiyu 7:21 zuwa 23 da kyau, mutanen da Yesu ya ce zai ce musu ban taɓa saninku ba ai ba masu barci a bencin baya ba ne, masu annabci ne da fitar da aljanu da yin mu'ujizai da sunansa. Wato mutum zai iya zama Kirista na suna da makirfo a hannunsa yana zufa. Tsofaffin ikkilisiyoyi suna da nasu irin, mai sanyi da kati da rajista, sababbin ma suna da nasu, mai zafi da ihu da neman buɗi, wanda yake bin Yesu kamar taron da suka bi shi a Yahaya 6 don sun ci gurasa sun ƙoshi, da ya faɗi magana mai wuya suka watse. Canza coci ba ya warkar da ko ɗaya. Batun sanin rana kuma, wasu sun san ranarsu kamar Bulus a hanyar Dimashƙu, wasu kamar Timoti ne da ya tashi da Littafi tun yana jariri a hannun uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis, ba wanda ya ce Timoti ya kawo kwanan wata. Ba ka tuna ranar da aka haife ka ba amma ka san kana da rai tunda kana numfashi.

Sai dai ina so in ja maka kunne a ɗaya gefen, domin na ga matasa da wannan tambaya ta kai su ga rami biyu. Wasu sun koma alƙalai, kowa a coci na suna ne sai su, har iyayensu. Yesu ya ba da misalin alkama da ciyawa a Matiyu 13, bayi suka ce mu je mu tuge ciyawar, maigida ya ce a'a kar ku tuge har da alkamar, ku bari sai kaka. Ba a ba ka aikin tantance mutane ba, kanka aka ce ka gwada. Wasu kuma sun faɗa cikin fid da zuciya, duk faɗuwa ɗaya sai su ce ashe ni ban taɓa zama mai bi ba. Akwai bambanci tsakanin mai bi rarrauna da mai suna kawai. Bitrus ya yi musun Yesu sau 3 a dare ɗaya har da rantsuwa, amma ya fita ya yi kuka mai zafi, kuma da ya ji an ce Ubangiji ne a bakin teku tsalle ya yi cikin ruwa ya nufe shi. Almajiri yana faɗuwa, wani lokaci mummunar faɗuwa, amma zunubinsa yana damunsa kuma wajen Malam yake komawa. Mai suna kawai ya yi sulhu da nasa, ya gyara masa ɗaki, in wa'azi ya taɓa wurin sai ya ce da wane ake. Kuma kar ka ɗauka duk wannan biyayyar ce take sayen ceto, Afisawa 2:8 da 9 sun ce ta wurin alheri ne ba ta ayyuka ba, sai aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Itacen mangwaro ba ya zama mangwaro don ya yi 'ya'ya, yana 'ya'ya ne don shi mangwaro ne, amma in shekara da shekaru ba ko fure dole mai gona ya tsaya ya duba.

Ni ban san zuciyarka ba ɗana, ba zan ce maka kai kaza ne ba. Ga dai abin da nake ba ɗalibaina shawara. Ka ɗauki bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ka karanta sura ɗaya kowace safiya da Hausa ko da harshen da ya fi shiga zuciyarka, ba don ka shirya wa wani darasi ba, kuma kowace rana ka nemi abu ɗaya da za ka aikata kafin rana ta faɗi. Sa'an nan ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka, ina nawa mudun na biyu yake, wane wuri ne a rayuwata na san sarai abin da Yesu ya ce amma na rufe ƙofar. Yawanci mutum ba ya ɗaukar minti biyu kafin ya gano shi, mun san wurin, kauce masa muke yi. In bashi ne ka biya, in gaba ce ka taka ka je, in abin da kake kallo a waya ne da dare ka faɗa wa wani, don abin da ke cikin duhu ba ya mutuwa sai an fito da shi.

Kuma ka nemi mutum. Wannan shi ne abin da muka fi rasawa, muna da taro kala-kala, kwanbenshan da rivaival da dare na addu'a, kalandar coci cike take, rahoton da muke aikawa sama kuma lissafin kawuna ne da na kuɗi, amma da wuya ka samu babba ɗaya da ya ɗauki yaro ɗaya yana tafiya da shi shekara da shekaru. Ni ma na yi shekaru ina murna da yawan waɗanda na kai rafi ban bi sawunsu ba, wasu daga cikinsu yau ban san inda suke ba kuma abin yana damuna har yanzu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka duba cikin ikkilisiyarku, ba lallai mai muƙami ba, ka nemi wanda matarsa da yaran shagonsa da maƙwabcinsa Musulmi za su ba da shaidarsa, ka ce masa Baba ina so in riƙa zuwa wajenka, ka bi shi gona, ka raka shi gaisuwar mara lafiya, ka ga yadda yake yi in an ɓata masa rai, ka ba shi izinin ya tambaye ka abin da ba ka so a tambaya.

Batun sake baftisma, ni ban ga dalili ba a abin da ka rubuto. An yi maka ita da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki bayan ka furta da bakinka, ko da fahimtarka a shekara 15 ba ta kai ta yau ba, ai ba wanda ya shiga ruwa da cikakkiyar fahimta. Abin da ya rage shi ne ka rayu cikin abin da ka riga ka yi alkawari. In kuma ka tabbata a ranka cewa a lokacin bin sahun abokai kawai ka yi ba ka gaskata komai ba, to wannan magana ce da za ka zauna da fastonku ku yi ta ido da ido, kowace ikkilisiya tana da tsarinta a kai, kar ka je wani wuri a ɓoye a tsoma ka a dawo. Ka kuma samu babanka ka gaya masa abin da ka gaya mini, kar ka ji kunya, ka tambaye shi yadda kakanka ya ba da gaskiya da abin da ya rasa a dalilin haka, ina zaton bai taɓa ba ka labarin duka ba. In ka gama Markus ka sake rubuto mini, ina so in ji wace sura ce ta tsayar da kai. Ka gaishe mini da su Mama.